Ranar da Muka Dafa Kayan Nuni

Damina biyu ke nan a jere ruwa yana ɗaukewa tun gero bai nuna ba. Ƙauyenmu yana wajen Shanono, inda gona take manne da gona, babu ko taki ɗaya na ƙasar da ba ta da mai ita. Ni a lokacin ban daɗe da zuwa gidan miji ba, ina goyon 'yata ta fari. Abin da na fi tunawa a wannan rani shi ne shiru. Da hantsi ba ka jin ƙarar turmi kamar da, don gidaje da yawa babu abin dakawa. Samari da magidanta sun watse ci rani, wasu Kano, wasu Kudu, an bar gari da tsofaffi da mata.

Baba, wato mahaifin mijina, shi ya hana ɗansa tafiya. Ya tara mazan da suka rage, suka sauka fadamar da ke bayan gari suka haƙa rijiyoyi, suka kafa jigo, wannan doguwar sandar da ake ɗaura wa guga ana jan ruwa da ita. Tun asuba suke fita, ba sa dawowa sai la'asar, hannuwansu duk sun yi kanta. Aka shuka albasa da tumatir da tattasai, da alayyahu da kabewa. Ba wadata aka samu ba, amma an samu abin sa wa a miya, da ɗan abin kai wa kasuwa a auno tsaki.

Wata rana da yamma Baba ya shigo ɗauke da wata kabewa a ka. Da ƙyar ya sauke ta a tsakar gida. Ban taɓa ganin irinta ba, sai da maigidana ya rungume ta hannuwansa suka kasa haɗuwa. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana goge wani tulu da dutse. Ita ƙanwar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, sana'arta ginin tukwane, kuma duk garin babu wanda bakinta yake tsoro.

Ta ce, "Yaya, wannan kam kada a sa mata wuƙa sai gari ya gani."

Baba ya ce, "Gari ya gani ya yi me da ita?"

Maigidana ya yi dariya, ya ce lokacin yana makaranta an taɓa kai su wani nunin amfanin gona a birni, kowane manomi ya baje abin da ya noma, jama'a suna zagayawa suna kallo. Ya ce amma wancan hukuma ce ta shirya, yanzu kuwa wa zai tuna da mu.

Gwaggo ta ce, "To hukuma ce ta ja muku jigon? Ku yi naku mana. Ni ma in fito da tukwanena su sha iska."

Ni ina bayan turmi ina jin su, don ba na zama inda Baba yake. Ya daɗe yana kallon kabewar. Can sai ya ce, "Yaran nan da suka tafi, cewa suke ƙasar nan ta mutu. Da za su zo su gani da idonsu, wataƙila wani ya zauna."

Daga nan maganar ta tashi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya kai ta gaban dagaci. Maigidana ya ba ni labarin yadda aka yi. Wani dattijo mai sayar da goro ya miƙe a fusace ya ce mutane suna kwana da yunwa ana zancen biki, wannan rashin ta-ido ne. Da yawa suka goyi bayansa. Sai Malam Liman ya nemi a saurara. Ya ce shi bai ga laifi ba a nuna ni'imar da Allah ya bayar, ko da kaɗan ce, amma da sharaɗi. A buɗe da addu'ar neman ruwa, maza su yi nasu a fadama mata su yi nasu a cikin gida, kuma kada a ɗora wa kowa dafa wa baƙi abinci. Aka kuma yarda babu gasa, babu wanda za a ce ya zo na ɗaya. Abin da za a yi a maimakon haka shi ne musayar iri, don mutane da yawa sun cinye irinsu ko ya lalace. Mai irin kuɓewa ya ba mai irin yakuwa, haka. Dagaci ya sa ranar, wata Asabar kafin zafi ya tsananta, ya ce a aika wa 'yan ci rani na kusa su zo gida.

Babu wanda aka biya ko aka yi wa alkawarin komai. Kamar gayya aka yi shi. Wasu suka yanko kara suka kafa rumfuna a bakin fadama. Maƙerin garin ya ce zai kawo fartanyu da lauje ya kuma hura wuta a gaban jama'a. Masaƙi ya ce zai ɗauko masaƙarsa ya kafa a gindin tsamiya. Malamin makarantar firamare ya ba da aron benci. Har mai goron nan da ya yi faɗa, shi aka gani yana share fili, yana yi yana mita.

Ɓangaren mata aka bar wa Gwaggo, ita kuma ta ce da ni za ta yi. Ta nemi izinin maigidana, ta ce, "Amarya ce za ta riƙa raka ni, ƙafarta ta fi tawa, kuma ba ta da baki irin nawa." Shirinmu shi ne ranar nunin kowane gida ya buɗe ƙofa, mata su riƙa shiga gida-gida suna ganin abin da 'yan uwansu suke yi. Matan garinmu akwai hannu. Akwai masu saƙa faifai mai launi, da masu zana ƙwarya da wuƙa mai zafi, da masu ɗinkin hula, da masu tabarma. Kuma kusan kowace tana da ɗan lambunta a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa: zogale, lalle, ɗan barkono, wata ma har da gwanda.

Mun ɗauka abin zai zo da sauƙi. Sai ga shi duk gidan da muka shiga, a tarbe mu da fara'a, a yaba shawara, amma da an zo maganar buɗe gida sai a fara kame-kame. Wannan ta ce ba ta jin daɗi, waccan ta ce sai ta tambayi maigida, alhali maigidan yana Kudu. Gwaggo ta fara hasala.

A gidan maƙwabciyarmu muka gane dalili. Ta girme ni kaɗan, Yaya nake ce mata. Mijinta ya tafi tun farin farko, aike ya zo sau ɗaya, daga nan shiru, ya bar ta da 'ya'ya da tsohuwar uwarsa. Ta shimfiɗa mana tabarma a waje, na lura ta saki asabarin ƙofar ɗakinta har ƙasa tun da ta ji sallamarmu.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, ke ma ciwon kan ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ba ciwon kai ba ne. In mata suka shigo, ɗaki za su leƙa. Kin san halinmu."

"To su leƙa mana."

"Babu komai a ciki. Kwanukan jerena duk na sayar, da tasoshin da fanteka. Gadon ma ya tafi watan jiya."

Ta faɗa a hankali, ba kuka, kamar mai ba da labarin wata. Ni sai na ji kunya ta rufe ni, don ni ma rabin jerena ya tafi kasuwa a ɓoye, na jera sauran da tazara don kada a gane. A garinmu ɗakin mace shi ne mutuncinta, kayan da iyayenta suka yi mata suna jere a bango kowa yana gani. Ashe kowace tana zaune a bayan asabarinta tana zaton ita kaɗai ce.

Na ce, "Yaya, wallahi ni ma haka ne."

Ta ɗago ta dube ni, sai muka fashe da dariya mu biyu, irin dariyar da take kusa da hawaye. Da ta ga haka sai ta tashi ta ce mu zo mu gani, amma mu kaɗai. Ta ɗaga asabarin. Ɗakin wayam, sai tabarma da 'yan tsummokara a igiya. Amma bangon da jeren yake a da, ta shafe shi da laka mai laushi, ta zana shi tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ta yi amfani da farar ƙasa da jar ƙasa da baƙin gindin tukunya. Ga zanen ganyen lalle, ga sarƙaƙƙun layuka suna shiga juna suna fita, ga zabbi a jere. Ta ce ramukan ƙusoshin da ta cire ne suke damun idonta, ta fara toshe su, daga nan hannunta ya ƙi tsayawa.

Gwaggo ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Wannan shi ya fi cancanta a gani a duk garin nan."

Ta ce, "A'a Gwaggo, don Allah."

Gwaggo ba ta matsa mata ba, abin da ya ba ni mamaki. Da muka fito sai ta canza shiri. Muka sake bi gida-gida tana cewa, "A tsakar gida za a baje komai. Kowace ta saki asabarinta. Duk wadda na kama tana leƙa ɗakin wata, ni da ita ne." Ba ta faɗi dalili ba, babu kuma wadda ta tambaya. Nan da nan gidaje suka amsa.

Saura mako guda aka tura mai shela kasuwar Shanono ya sanar. Abin da aka ce ya faɗa shi ne za a yi nunin lambu da sana'a a garinmu, za a kuma raba iri. Ya faɗa daidai, mutanenmu da suke kasuwar sun ji shi. Amma magana tana tafiya daga baki zuwa baki, kafin ta kai ƙauyukan nesa ta zama wai za a raba hatsi. Mu ba mu sani ba.

Ranar Asabar tun da safe na share tsakar gida na yayyafa ruwa. Gwaggo ta jera randuna da tuluna da tukwane a gindin bango, sababbi fil, jajaye. Mata suka fara shigowa, kowace da ɗan irinta a ƙulle a bakin zane. Daga fadama muna jiyo muryar Malam Liman yana addu'a, jama'a suna amsawa. Na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba. Wata tsohuwa ta ba ni irin gauta na ba ta na alayyahu, tana ta yi mini bayanin yadda ake yafa shi kamar ban taɓa ganin ƙasa ba.

Hantsi bai gama yi ba maigidana ya shigo da sauri, fuskarsa a canje. Ya ja Gwaggo gefe, ni ma na matso. Ya ce, "Gwaggo, akwai matsala. Mutane ne suke ta zuwa daga ko'ina, da buhuna da ƙore, wai an ce musu ana rabon hatsi."

Na leƙa ta zaure. Hanyar da ta shigo gari cike take. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, wasu sun kamo hanya tun kafin gari ya waye. Kowa da buhunsa a ninke a hammata. Ba su yi hayaniya ba. Suka zazzauna a inuwar bangon masallaci suna jira, suna hangen rumfunan bakin fadama da aka cika da albasa da tumatir.

Dagaci ya fito ya yi musu bayani, ya ba su haƙuri. Babu wanda ya yi faɗa. Wani tsoho ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, Allah ne bai nufa ba. Bari mu huta mu koma." Maigidana ya ce wannan maganar ta fi zagi zafi. Mai goro ya zo kusa da Baba ya ce, "Ai na faɗa muku."

Baba ya bar fadama ya shigo gida, abin da ba ya yi da rana. Ya tsaya a tsakiyar mata, duk muka rufe kai. Ya ce da Gwaggo, "Tukwanen nan naki, za su ɗauki wuta?"

Ta ce, "Don me na gina su, Yaya?"

Ya ce, "To a ɗora."

Ya koma fadama ya sa wuƙa a kabewarsa da hannunsa. Da sauran masu lambu suka ga haka, kowa ya fara kwashe abin da ya baje. Babu wanda aka roƙa. Akwai wanda ya tsame nasa ya ɗaure a kwando don kasuwar gobe, kuma babu wanda ya zarge shi, kowa ya san gidansa. Amma mafi yawa suka kawo. Malam Liman da kansa, wanda ya kafa sharaɗin kada a dafa wa baƙi, shi ya fara aiko da ƙwaryar tsaki daga gidansa. Daga nan gida-gida aka riƙa fitowa da abin da ya samu, wata tafi ɗaya, wata ludayi, wata gishiri, wata ƙuli-ƙuli.

Muka kafa murhuna a ƙofar gidanmu da cikin gida. Karan da aka yi rumfuna da shi aka warware aka hura wuta. Muka dama fate, tsakin kaɗan, kabewa da alayyahu da yakuwa suka cika tukunya. Matan da suke da zogale a bayan ɗaki suka tsiga aka dafa aka yi kwaɗo. Yaya maƙwabciyata ita ta riƙe muciya a babbar tukunya, hayaƙi yana shiga idonta, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Kwanuka suka yi kaɗan, kowa ya san dalili, babu wadda ta ce uffan. Ƙoren da aka zana don kallo, da kasaken Gwaggo, su aka zuba wa mutane a ciki. Tukunya ɗaya ta tsage a kan wuta, Gwaggo ta yi ta faɗa da ita kamar mutum, muka kwashe abin da ya kwasu.

Ba zan ce kowa ya ƙoshi ba. An fara da yara da tsofaffi, waɗanda suka zo a ƙarshe ruwan faten kawai suka samu. Mu da muka dafa ba mu ɗanɗana ba. Amma da aka ci, maimakon su tafi, baƙin suka gangara fadama. Maigidana ya ce suka tsaya suna kallon yadda ake jan jigo, suna tambayar zurfin rijiya, da yadda ake gane inda ruwa yake kusa. Masaƙi ya ci gaba da saƙarsa a gindin tsamiya mutane sun kewaye shi, maƙeri yana gyara wa wasu wuƙaƙensu. Irin da aka tanada don musaya, aka ƙulla wa baƙin kaɗan-kaɗan. Wata mata ta karɓi nata ta ce, "Da buhu na zo, da ƙulli zan koma." Ta yi dariya, ta soke shi a ɗankwali.

Bayan la'asar baƙi suka kama hanya. Mu matan gari muka zube a tsakar gidanmu, ƙafafu sun yi nauyi, jiki duk toka. Sai Yaya maƙwabciyata ta miƙe ta ce, "In kuna da sauran ƙarfi, ku zo gidana." Muka bi ta. Ta naɗe asabarin da kanta ta ɗaure shi sama. Mata suka riƙa shiga uku-uku huɗu-huɗu, don ɗakin ƙarami ne. Babu wadda ta yi maganar gado ko kwano. Matar dagaci ta shafa bangon da yatsa ta ce, "Ke kika yi wannan? Yaushe za ki zo ki yi mini?" Kafin damina Yaya ta zana ɗakuna da yawa a garin, har da nawa, duk wadda aka yi wa tana ba ta abin da ya sawwaƙa.

'Yan ci ranin da suka zo gida don nunin, mafi yawansu sun koma bayan kwana kaɗan. Abin ya yi wa Baba ciwo, ko da yake bai faɗa ba. Wasu 'yan kaɗan ne suka zauna suka nemi ya nuna musu inda za su haƙa. Mijin maƙwabciyata bai dawo ba, sai daga baya aka sami labarin ya rasu a can tun da daɗewa, zazzaɓi ne. Ta yi takaba, ta zauna da uwarsa har tsohuwar ta rasu, sannan ta koma garinsu da 'ya'yanta.

Ruwa ya zo a makare a wannan shekarar, amma ya tsaya har gero ya nuna. Rani na gaba dagaci ya sake sa rana, kuma tun kafin a yi shela mutanen ƙauyukan da suka zo da buhu suka aiko cewa su ma za su kawo nasu. Suka zo da jakuna ɗauke da tattasai da albasa daga fadamominsu. An ci gaba da yi shekaru da dama, wata shekara da armashi wata shekara sama-sama. Bayan rasuwar Gwaggo ɓangaren mata ya dawo hannuna, na riƙe shi har gwiwoyina suka daina yarda da yawon gida-gida, na miƙa wa matar ɗana. Ita ta fi ni tsari nesa ba kusa ba, sai dai tana da saurin fushi, kullum ina ce mata ta riƙa zama a gidan mutane ta sha ruwa kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.